Wahala Kaɗai Ba Ta Yin Gwarzo: Yadda Ake Gina Zuciyar Ɗan Wasa

A majalisun samari na Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, babban birnin Ghana, duk ranar da hira ta biyo ta kan abin da ya sa yaran zango ke fice a ƙwallo, amsa ɗaya ake bayarwa: wahala. Wai yaron da ya tashi yana wasa a filin sakora, wato filin da ba ciyawa, ba takalmi, ya sha koko da ƙosai biyu ya wuni a kai, babu abin da zai gani a Turai ya razana shi. Sai a kawo sunan Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya yi fice a Turai, a matsayin hujja, a ƙara da na tsohon ɗan wasan Ghana Mohammed Polo don dattawa su gyaɗa kai, shi ke nan an rufe magana. Zancen yana da daɗin ji, kuma ba a rasa gaskiya a cikinsa ba. Amma a ganina cutarwarsa ga yaranmu ta fi amfaninsa, domin ya sa masu horarwa da iyaye sun ɗauka cewa ƙarfin zuciya abu ne da talauci ke rabawa kyauta, ba sai an zauna an koyar da shi ba.

Duk wanda ya leƙa filin Kawukudi da la'asar ya san yawan yaran da ke can, ƙungiya na fita wata na shiga har magariba ta kore su. Haka abin yake a Fadama da Madina, haka yake a Aboabo da Asawase in ka je Kumasi. Rana ɗaya ke dukansu, tsakuwa ɗaya ke yage musu gwiwa, yunwarsu ma kusan iri ɗaya ce. Da wahala ce ke ƙera gwarzo, da kowane lungu na Nima ya fitar da Kudus goma. Aikin rariya wahala take yi: tacewa kawai. Ta zubar da mutane da yawa, kaɗan su tsira, mu kuma mu dubi waɗanda suka tsira mu ce ita ta yi su. Waɗanda suka zube ba ma ƙara tambayar labarinsu. Wani gwiwa ce ta gama da shi yana shekara 16, babu kuɗin ɗaukar hoto a asibiti. Wani mahaifinsa ya kai shi shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai. Wani kuma dillalin ƙarya ya karɓe kuɗin gidansu ya yasar da shi a wata ƙasa. A cikinsu akwai waɗanda suka fi wanda ya tsira taurin rai nesa ba kusa ba.

Shi kansa Kudus ɗin, a bi hanyarsa a hankali. An haife shi a 2000, ya fara ƙwallo a ƙungiyar yara ta Strong Tower a Nima, amma tun yana ƙaramin yaro aka ɗauke shi zuwa makarantar Right to Dream, wadda Tom Vernon ɗan Ingila ya kafa a 1999, take kuma Old Akrade kusa da kogin Volta. A can akwai abinci a kan lokaci, da lokacin barci, da aji, da mai duba rauni, da fili mai ciyawa. Ba hutu aka kai shi ba. Yaro ya rabu da mahaifiyarsa, ya zauna cikin yaran da kowannensu shi ne gwanin unguwarsu, kullum ana auna shi. Wannan ma wahala ce, sai dai aunanniya ce, an san inda za ta tsaya, kuma in ta kayar da yaro akwai babban da zai ɗaga shi ya nuna masa inda ya kuskure. Nima ta ba shi ƙafa da rashin tsoron mutum. Sauran an ɗora masa ne a shekarun da ya yi a ƙarƙashin tsari, kafin ya wuce Nordsjælland ta Denmak a 2018, sannan Ajax a 2020.

Ranar wannan tarbiyya ta zo a watan Oktoba na 2020. Wasansa na farko ke nan a gasar zakarun Turai, da Liverpool, tun a mintunan farko ya ji rauni a gwiwa aka fitar da shi. Watanni ya yi yana jinya. Ya dawo, a Nuwamban 2021 ya samu karaya a haƙarƙari a wasan Ghana da Afirka ta Kudu, abin da ya hana shi buga gasar kofin Afirka a Kamaru. Ya warke ya tarar da benci na jiransa a Ajax. Juriyar da wannan hali ke nema daban take da ta filin sakora. A fili akwai 'yan kallo, akwai abokan da za su yi maka kirari in ka tashi da jini a ƙafa ka ci gaba. A ɗakin jinyar rauni babu kowa sai kai da ma'aikacin da ke ƙirga maka, ka lanƙwasa gwiwa ka miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe, gobe ka dawo ka sake, a cikin sanyin Amsterdam, da dare ka kunna talabijin ka ga wani ya gaje maka gurbi. 'Yan wasa da dama masu zafin zuciya a nan suke karyewa: ko su yi gaggawar komawa fili su fama raunin, ko su saki jiki su daina bin ƙa'idar likita. Kudus ya bi ta nan ya fita, ya jefa ƙwallo a ragar Liverpool ɗin a Anfield a Satumban 2022, ya zura wa Koriya ta Kudu biyu a Katar a Nuwamba. Kada dai a mai da shi waliyyi. A Oktoban 2024, yana West Ham, ya fusata a wasa da Tottenham ya kai hannu fuskar abokan hamayya, aka ba shi jan kati, dakatarwar ta kai wasa biyar. Mutum kan ƙware a haƙurin jinya alhali da sauransa a haƙurin tsokana, domin kowanne da nasa darasin.

Darasin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a ƙasar nan shi ne na fenareti. A 1992 a Dakar, Kwaddibuwa ta doke mu 'yan Ghana 11 da 10 a wasan ƙarshe na kofin Afirka. A 2015 a Bata su ɗin dai ne, 9 da 8, bayan sun zubar da biyun farko mu kuma mun ci namu biyun. Kofi ya zo hannu ya suɓuce. A 2022 André Ayew ya samu fenareti a gaban Yurugwai, gola ya tare. Na 2010 kuwa, wanda Asamoah Gyan ya zubar a gaban Yurugwai a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci a kofin duniya, ba sai an tuna wa kowa ba. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba game da daren 2 ga Yuli a Johannesburg shi ne abin da ya biyo bayan ƙwallon da ta daki ƙarfen sama. 'Yan mintuna tsakani, da aka zo bugun raba gardama, Asamoah Gyan ne ya fara fitowa a ɓangaren Ghana, ya sake tsayawa gaban golan nan, ya zuba ta a kusurwar sama. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, dare ɗaya. To a wane layi za a sa shi, na masu zuciya ko na marasa ita? Duk wanda ya ce zai amsa da kalma ɗaya bai fahimci abin ba. Ƙarfin zuciya yana hawa yana sauka a jikin mutum guda, gwargwadon nauyin da ke kan bugun da kuma abin da ya saba yi in irin wannan nauyi ya hau kansa.

Wani masanin halayyar 'yan wasa ɗan ƙasar Norwe, Geir Jordet, ya shafe shekaru yana nazarin faifan bugun raba gardama na manyan gasa. Ya gano cewa bugun da in an ci ƙungiya ta yi nasara, ana cinsa fiye da kashi 90 cikin 100, amma bugun da in an zubar an fita daga gasa, cinsa kan sauka zuwa wajen kashi 60. Tazarar ba ta canza ba, mita 11 ce, raga ma ita ce. Tsoro ne ya shigo. Ya kuma lura cewa masu rugawa da zarar alƙali ya busa usur sun fi zubarwa a kan masu ɗan tsayawa su ja numfashi. Mai tsoro so yake ya bar wurin da sauri, saurin kuma shi ke cin sa. Bugun da Gyan ya zubar ma a rukunin farko yake, wanda aka fi ci, don haka lissafi ba ya ba kowa lamuni. Amma a kan nasa akwai kayan da lissafi bai ɗauka ba, na nahiya guda da a lokacin ba ta taɓa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya ba.

Ingila ta daɗe tana shan kashi a wannan fanni tana kiransa caca. A zamanin Gareth Southgate, wanda shi kansa ya zubar da nasa a 1996, suka daina wannan zance suka riƙa atisayensa da tsari, har suka fitar da Kolombiya a 2018, karon farko da suka ci bugun raba gardama a kofin duniya. Mu ma ba wani baki aka yi mana ba. Kofin Afirka na ƙarshe da muka ɗauka, a Libiya a 1982, da fenareti muka ƙwace shi a hannun masu masauki. A 2009 a Alƙahira, yaran Sellas Tetteh 'yan ƙasa da shekara 20 suka yi fiye da minti 80 da mutum goma a gaban Birazil, suka riƙe canjaras, suka ci 4 da 3 a fenareti, Emmanuel Agyemang-Badu ya buga na ƙarshe. Dominic Adiyiah, gwarzon waccan gasa, shi ne kuma wanda golan Yurugwai ya tare wa bugu ƙasa da shekara guda bayan nan.

Wannan abu ne da kocin kolts, wato ƙungiyoyin ƙwallon yara, zai iya koyarwa ba tare da ya kashe sidi ɗaya ba. Yadda aka saba yi, yara su taru a bakin raga bayan tirenin suna raha kowa ya buga biyar-biyar, ƙafa kawai yake horarwa, ita kuwa ƙafar ba ita ke cin amana ranar wasa ba. A bari sai sun gaji liƙis. A tsayar da su a tsakiyar fili, kowa bugu ɗaya tak, ya tako shi kaɗai har bakin raga sauran suna masa ihu, kuma a ɗora wani abu a kai, ko da wankin rigunan wasa ne ga ɓangaren da ya faɗi. Kowane yaro ya samu tsarinsa da ba ya canzawa: yadda yake ajiye ƙwallo, taku nawa yake ja baya, inda yake kallo, numfashin da yake ja bayan usur. Ranar da kai ya ɗau zafi, wannan sabon ne ke riƙe mutum. Sannan ya zama doka cewa wanda ya zubar, abokansa su tako su tarye shi tun kafin ya iso layi, saboda mai bugu na gaba yana kallon abin da ake yi wa wanda ya zubar, kuma da shi yake auna abin da ke jiransa.

Akwai kuma batun gajiya, inda muka fi yi wa yara rashin adalci. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a jami'ar Bangor ta yankin Wales suka yi wani gwaji da mutum 16. Wata rana suka sa su aikin kwamfuta mai gajiyar da ƙwaƙwalwa na minti 90, wata ranar kuma suka zaunar da su kallon shirin da ba ya tayar da hankali na tsawon wannan lokaci. Bayan kowanne sai a ɗora su kan keken motsa jiki su tuƙa har sai sun kasa. Ranar da ƙwaƙwalwa ta gaji, lokacin da suka iya jurewa ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu da sauran ma'aunan jiki ba su nuna wani bambanci ba. Aikin ne kawai suka ji ya fi musu nauyi, sai suka sare da wuri.

A ɗauko wannan a kawo shi gidan haya a Mamobi. Saurayi ɗan shekara 19 yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, waya a hannu har biyun dare, wataƙila ma yana bin sakamakon cacar ƙwallon da ya yanka. Da safe zai fita, Mma ta ce, "Ɗan nan, kai yaushe za ka fita waje ne? Ga sa'anka can ya turo kuɗi har an fara gini." Ba da mugunta ta faɗa ba, kuɗin haya ne ya ƙarato. Ya iso fili da wannan kaya a ka, minti 60 ƙafa ta yi nauyi, koci ya daka masa tsawa: "Kai, rago! Ba ka da zuciya ne?" Ya ƙara masa zagaye goma. Zuciyar tana nan, an dai cinye rabinta tun kafin a busa usur. Kocin da zai tambayi yaro ƙarfe nawa ya kwanta da abin da ya ci, ko ya taka har gida ya roƙi Hajiya ta sassauta maganar Turai zuwa ƙarshen kaka, ya fi mai ƙara zagaye gina juriya, ko da yake a ido shi ne ake gani mai sanyin hali. 'Yan mata kuwa kayansu ya ninka wannan. Mukarama Abdulai 'yar Tamale ta fi kowa cin ƙwallo a kofin duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 17 a 2018, da ƙwallo 7, amma yarinyar zango da ke son bin sahunta sai ta gama aikin gida, ta haɗiye surutun maƙwabta da zancen aure, sannan ta iso fili a fara auna zuciyarta.

Game da faɗuwa da tashi, unguwar Bukom ba ta da nisa da Sabon Zango, kuma 'yan dambenta suna da abin koya mana. Ranar 21 ga Yulin 1982 aka shigar da Azumah Nelson zauren Madison Square Garden a New York a madadin wani, da gajeriyar sanarwa, yana da dambe 13 kacal a matsayin ƙwararre, ya kara da Salvador Sánchez na Meksiko, mai riƙe da kambun hukumar dambe ta WBC a ajin fam 126. Ya kai turmi na 15 kafin alƙali ya tsayar da wasan. Ana ba da labarin a matsayin zallar jarumta, ana mantawa cewa tun 1978 ya ci zinare a wasannin Afirka a Aljiyas da na Commonwealth a Edmonton. Ƙarfin halin da duniya ta gani a daren nan a kan shekarun koyo yake tsaye. Bayan kayen ya koma ya ci gaba da hawa mataki-mataki fiye da shekara biyu, har a Disamban 1984 ya bi Wilfredo Gómez gidansa a San Juan ya kwantar da shi a turmi na 11 ya ɗauki kambun.

Abin da ke raba wanda kaye ya gina da wanda kaye ya rusa, galibi fassarar da aka yi wa kayen ne, kuma yaro ba shi kaɗai yake yin fassarar ba. In an ci ƙungiya koci ya ce, "Kun ba ni kunya, ba ku da amfani," bai bar wa yaro abin gyarawa ba, domin ba a gyara rashin amfani ranar Litinin. In ya ce, "Daga minti 70 mun daina rufe gefen hagu, ta nan suka shigo sau biyu," ya ba shi aikin da zai kama. A nan ɗan zango yana da jarin da bai cika sanin darajarsa ba. Abin da masana halayya ke karɓar kuɗi su koya wa 'yan wasan Turai, cewa ka riƙe abin da ke hannunka ka saki wanda ba ya hannunka, yaronmu ya ji shi tun a Islamiyya: ka ɗaure raƙuminka, sannan ka yi tawakkali. Wanda ya saba tashin asuba, ya yi azumi a zafin Accra kuma ya fita gudu kafin shan ruwa, ya riga ya san cewa kukan farko da jiki ke yi ba shi ne iyakarsa ba. Matsalar ita ce sau da yawa "Allah bai yi ba" na fitowa tun kafin a zauna a duba abin da ya faru a fili, raƙumin kuwa ko igiya ba a nema masa ba. Mafi muni shi ne kuɗin da wasu ƙungiyoyi ke warewa don "aiki": a binne abu a raga, a ƙi shiga ta ƙofa a haura katanga. Ban da abin da addini ya ce a kai, yana kwashe dogaron ɗan wasa daga horonsa ya kai shi hannun wani. Ranar da raɗe-raɗi ya zo cewa aikin abokan hamayya ya fi ƙarfi, an ci shi tun a cikin mota.

Mun kuma haɗa juriya da shiru, wai namiji ba ya kuka. Sammy Kuffour ɗan Kumasi, wanda ya bi ta ƙungiyar King Faisal ta Alhaji Grusah, duniya ta gan shi yana kuka yana dukan ƙasa a Barcelona a 1999, bayan Manchester United ta ƙwace kofin zakarun Turai daga ƙungiyarsa Bayern Munich a mintunan ƙarin lokaci. A 2001 ya ɗaga kofin. Kukan bai rage shi da komai ba. Sulley Muntari kuwa, a Afrilun 2017 yana Pescara, 'yan kallo a Cagliari suka riƙa yi masa ihun wariyar launi, ya kai ƙara ga alƙali aka ba shi katin gargaɗi, sai ya fice daga fili da kansa. An dakatar da shi wasa ɗaya, daga baya aka janye. A ƙa'idar "ka daure kawai" ya gaza, amma ni ban ga abin da ya fi wannan buƙatar zuciya a ranar ba. Mu 'yan kallo ma da namu kason. Baba Rahman ya tsinke jijiyar gwiwa ne yana buga wa ƙasa wasa, da Yuganda a Gabon a 2017, raunin da ya ci masa lokaci mai tsawo a daidai shekarun tashensa. A Satumban 2023 aka yi masa ihu a filin Baba Yara na Kumasi, ya ja baya daga ƙungiyar ƙasa ta Black Stars, ya je ya ci kofin lig na Girka da PAOK a 2024. Yaran kolts suna cikin 'yan kallon, kuma sun ga abin da ake saka wa wanda ya ba da gwiwarsa.

Sannan akwai iyakar da in an tsallake ta, dauriya ta zama haɗari. Raphael Dwamena ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko a Black Stars, da Habasha a Kumasi a 2017. A shekarar ce cinikinsa zuwa Brighton ya lalace da gwajin likita ya nuna matsala a zuciyarsa. A 2020 aka dasa masa na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya, a 2021 ya faɗi a fili a Ostiriya ya tashi, daga baya aka cire na'urar bisa zaɓinsa ya ci gaba da wasa. Ranar 11 ga Nuwamban 2023 ya faɗi yana buga wa Egnatia wasa a Albaniya, ya rasu yana shekara 28. Ba na kawo wannan don hukunta mamaci ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma shi kaɗai ya san abin da ya auna. Amma duk siffofin da muke yabo a ɗan wasa, naci da ƙin sarewa da imani, yana da su har ya yi yawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke gyara ciwon zuciya. A ƙananan matakai kullum ana yin irin wannan a filayenmu: a ɗaure idon sawu a haɗiyi maganin kashe zafi, wani har tramadol, don kada a rasa jastifai, wato wasan gwajin 'yan wasa, da aka ce Bature zai zo kallo, yaro ya bugu a ka yana ganin jiri a yayyafa masa ruwa a mayar da shi. Gajiyar tsoka da ƙunar huhu ana daure musu, da haka ake ƙaruwa. Ciwon ƙirji, suma, jiri bayan buguwar kai, gwiwar da ke kumbura tana sullewa, waɗannan na likita ne. Koya wa yaro bambance su yana cikin horon zuciya, domin cewa "Koci, fitar da ni" a gaban mai neman 'yan wasa ya fi ci gaba da gudu wuya. Simone Biles ta Amurka ta janye daga yawancin wasanninta a Olamfik na Tokyo a 2021 da ta ga hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare a sama, ta sha zagi, ta dawo a Paris a 2024 ta ɗauki zinare uku.

Mafi wuyar faɗa shi ne dainawa gaba ɗaya. A unguwanninmu akwai waɗanda suka haura 27 suna yawon jastifai da takardar haihuwar da ta ce 19, ba sana'a, ba karatu, kowa na ce musu mai haƙuri shi ke dafa dutse. Horon da suka sha na tashi da wuri, bin umarni da aiki cikin jama'a zai yi musu rana a aikin koci, alƙalanci, gyaran mota ko kasuwa, in an juya su da wuri. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ghana, wadda Tony Baffoe ya kafa a 2009, shi da ya zubar da bugun ƙarshe a Dakar, tana magana kan rayuwa bayan ƙwallo, amma ɗan kolts da ɗan ƙaramin rukuni ba kasafai muryarta ke isa gare su ba. Koci ne mafi kusa, shi kuwa yana da dalilin yin shiru. A dokar FIFA, in an sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23, ban da diyyar horo. Tsari ne mai kyau da ke rayar da ƙananan ƙungiyoyi, amma yana nufin duk yaron da ya ci gaba da zuwa fili wata dama ce ga mai ƙungiya, ko da damar ta yi ƙanƙanta, alhali shekarun da ke tafiya na yaron ne. Saboda haka shawarar a ci gaba ko a juya bai kamata ta fito daga bakin koci shi kaɗai ba. A sa kawu a ciki, ko limamin unguwa, ko tsohon ɗan wasan da ba shi da kaso a cinikin, a yanka wa'adi tun yaro yana 18, kaka biyu ko uku, a kuma sa shi koyon sana'a da rana tun daga ranar da aka yanka wa'adin.